Ranar da Malama Verna Ta Zauna

A zauren wasa na Kwalejin Halvorsen ba a zama sai Gauraki, ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan kwalejin, sun jefa ƙwallon farko a kwando. Da an busa usur kowa zai miƙe, a kama tafi: ɗaya, a dakata, ɗaya, a dakata. In 'yan matan sun ci a minti na farko, a minti na farko za a zauna. In sun kai minti biyar ba su ci ba, to, ƙafar kowa za ta ba da labari. A bencinan sama akan samu mai satar zama in ya ga babu idon da ke kansa. A Bencin Gaba kuwa babu wannan.

Bencin Gaba tsohon bencin coci ne na katako, wanda aka ɗauko lokacin da aka rushe cocin bakin kogi, aka kafa shi daf da layin fili. Mutum goma sha biyu yake ɗauka. Ba a sayen wuri a kansa, sai wani ya mutu ko ya bar gari sannan sauran su zaɓi wanda zai maye gurbinsa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya zauna kafin ƙwallon farko ya bar bencin ke nan, ba dawowa. Rashin lafiya kaɗai ake yafewa. An taɓa korar Orval Pruitt, likitan haƙori, don wayarsa ta faɗi ya zauna yana lalubenta. Verna Kucera tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kore shi, kuma barcinta ta yi lafiya lau a ranar.

Shekararta arba'in da huɗu a kan bencin nan, wuri na biyu daga hagu. Tana da saba'in da tara a duniya. Ta daɗe tana koyar da lissafi a sakandaren garin, saboda haka rabin mutanen zauren sun taɓa tsayawa gaban allonta da alli a hannu suna zufa, kuma har yau Malama suke ce mata, har masu furfura. Ba a Halvorsen ta yi karatu ba. Wata Asabar ce ta shigo gudun sanyi, a shekarar da aka fara barin 'yan mata su yi wasa a babban zaure. Ta tarar 'yan kallo ba su kai ashirin ba. Ta ga wata doguwar yarinya ta yi jifa daga kusurwa, ƙwallon ta faɗa ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Tun daga nan ba a sake yin wasan gida babu ita ba.

Bana Gauraki ba su da daɗin kallo. Manyan 'yan wasa huɗu sun kammala karatu, ɗaya ta karye a ƙafa, aka bar koci da 'yan shekarar farko. Wasa tara a jere ana cinye su. Wannan bai dami Verna ba, ta ga shekarun da suka fi haka muni. Abin da ya tsaya mata a rai wani abu ne da ta lura da shi a kicin ɗinta, inda take sauraron wasannin waje a rediyo. In sun je garin wasu, ba sa wuce minti biyu ba su ci ba. A gida kuwa minti huɗu ne, sai shida, makon jiya bakwai da rabi.

Ta faɗa wa Marlys Oberg a mota, suna hanyar zuwa wasan Asabar da rana. Marlys ce mai wuri na farko a benci, ƙawarta tun 'ya'yansu suna rarrafe, ita ce kuma ke tuƙi.

"Mu ne muke hana su ci," in ji Verna.

"Mu su wa?"

"Ni da ke da Delbert da tafin nan namu."

Marlys ta kalle ta ta saman tabarau, ta mai da ido kan titi, inda dusar ƙanƙara ta shafe layin tsakiya. "Kin sha maganinki yau?"

"Na sha. Ke ce ba ki ɗiga na ido ba, saura kaɗan ki hau akwatin wasiƙun mutane."

"Shekara arba'in da huɗu muna tsaya musu, sai bana ne tsayuwar ta zama guba?"

"Duk shekarun nan muna da wadda za ta ci mana da wuri. Tsayuwar ba ta taɓa daɗewa ba, balle mu san abin da take yi. Kowa cewa yake tana ba su ƙarfi. Wa ya taɓa gwadawa?"

"Ba a gwada irin wannan, Verna. Ba jarrabawa ba ce."

"Babu abin da ba a gwadawa."

"To ki gwada a zuciyarki. Kada ki ja mini abin kunya a gaban 'yan Ostrander da suka zo karawa da mu."

A bakin zaure ƙanshin miyar wake da burodin kirfa ya cika barandar. Can suka tarar da Delbert Rasmussen, shugaban benci, mai sayar da taraktoci a hanyar fita gari. Ya haura sittin, ya shafa koren fenti a rabin fuska, ya ɗora hula mai kan gauraka da dogon baki yana lilo.

"Malama, yau sai kin ɗaure gwiwa. An ce Ostrander sun zo da wata mai tsawon ƙofa."

"Delbert, wa ya raba maka fuskar nan? Rabi ya fi rabi."

"Matata ce."

"Ita ma a ajina ta zauna, ban yi mamaki ba. Ina da magana da kai a kan tafin nan."

"Bayan wasa, Malama." Ya ɗaga yatsa kamar mai wa'azi. "Kullum ina faɗa wa yaran nan na sama: kowa ya iya ihu in ana cin wasa. Masoyin gaskiya a ƙafa ake gane shi."

Ta san maganar. Ita ce ta fara faɗin ta, shekaru da yawa da suka wuce, kuma sai yau ta ji yadda take a bakin wani.

'Yan matan suna ɗumama jiki lokacin da ta shimfiɗa matashinta a benci. Idonta na kan mai lamba goma sha huɗu, Nyamal Gatluak, 'yar shekara goma sha takwas, siririya, mai dogayen yatsu. Verna ta ƙirga mata jifa tara a jere, babu wanda ya kauce. Rabon da ta ga hannu irin wannan a zauren nan an fi shekara goma.

Aka busa usur. Zauren ya miƙe, tafi ya fara.

Jifan farko na Gauraki ya daki ƙarfe ya dawo. Na biyu bai ma kai ba. Ostrander suka ci, suka sake ci. Daga sama abin da ake gani shi ne ƙungiyar da ba ta iya wasa ba. Amma Bencin Gaba taku uku ne tsakaninsa da fili, kuma Verna ta ga abin da ba a gani daga sama. Duk lokacin da ƙwallo ta zo hannun Nyamal, kafaɗunta sai su ɗaga da kowane tafi. Ta daina buga ƙwallon a ƙasa da saurin da ta saba, ta koma buga ta daidai da tafin, kamar an ɗaure mata hannu da igiya ana ja. Sauran kuwa miƙa wa juna ƙwallo suke ta yi, kowa na gudun a ce ita ce ta zubar.

Minti shida. Minti takwas. Zangon farko ya ƙare, allo na nuna sha huɗu da babu. Ko a hutun ba a zauna ba, don doka ba ta san hutu ba. 'Yan Ostrander da ke ɗaya gefen suka miƙe ƙafafu, suka harɗe hannuwa a ƙeya, wani ƙato daga cikinsu yana kira: "Ku zo mu ara muku kujera, kakanni." Delbert ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannuwa sama, ya ƙara wa tafin sauri. Zauren ya bi shi. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafar Verna har rawa yake yi.

Minti biyu da shiga zango na biyu, mai tsawon ƙofar nan ta bangaje Nyamal a ƙarƙashin kwando. Alƙali ya ba ta jifa biyu daga layi, babu mai tare ta. Irin jifan da take iya ci ido rufe.

Ta taka zuwa layin. Ta goge tafin hannunta a wando, ta sake gogewa, ta sake. Ba ta kalli kwandon ba, ƙasa take kallo, leɓenta na ƙasa a cikin haƙora. Verna ta san fuskar nan. Ta gan ta sau ɗaruruwa a gaban allo: yaron da ya san amsa sarai, amma idanu talatin sun kafe a bayansa. Shekarunta na farko a aji ta ɗauka ƙarfafa gwiwa ake yi wa irin wannan yaro, a tsaya a kansa ana cewa yi mana, ka iya. Sai daga baya ta gane juya masa baya ake yi, a je taga a kalli tsuntsaye, a bar shi da allonsa.

A nan babu taga. Abu ɗaya ne a hannunta, kuma ta san kuɗinsa. Ba za ta ƙara jin kukan takalma a katako kusa da kunnenta ba, ko numfashin 'yan wasa in sun wuce, ko gwiwar hannun Marlys a haƙarƙarinta. Lokacin da mijinta ya rasu, wuri biyu ne suka rage mata a garin nan da ta san inda za ta ajiye jikinta ba tare da tunani ba: kujerar kicin da wannan benci.

Ta daina tafi. Ta zauna.

A hankali ta zauna, bayanta a miƙe, don kada wani ya ce faɗuwa ta yi. Ta ɗora jakarta a cinya, ta buɗe, ta ciro kolacin da ta gasa da safe, wani ɗan burodi mai zaƙi da 'ya'yan itace a tsakiya, ta warware takardar, ta gatsa.

"Verna," in ji Marlys, ba tare da ta motsa baki ba. "Tashi. Ba wanda ya gani. Tashi."

Kowa ya gani. Tafin ya fara mutuwa daga Bencin Gaba, ya bi layi-layi yana mutuwa har sama, don mutum ba ya iya tafi yana leƙen abin da ya faru a lokaci guda. Delbert ne na ƙarshe. Ya yi biyu shi kaɗai, ya juyo, ya gan ta, hannuwansa suka tsaya a buɗe.

Cikin wannan shirun Nyamal ta yi jifa. Ƙwallon ta daki bayan ƙarfe ta fita.

Wani ya yi dariya a baya. Verna ta ci gaba da tauna, ko da yake abin da ke bakinta ya koma kamar takarda. Alƙali ya sake miƙa ƙwallo. Yarinyar ta buga ta a ƙasa sau uku, da sauri, ta ɗaga kai, ta sake ta. Ta zagaya bakin kwandon sau ɗaya, kamar tana shawara, ta faɗa ciki.

Mutum ɗari takwas suka zauna lokaci guda. An cinye Gauraki a ranar, sittin da ɗaya da talatin da tara.

Bayan wasa 'yan benci suka taru a baranda, gaban akwatin gilashin da ake jera kofuna. Zufa ta kwaso fentin Delbert ta kai shi har wuyan riga. Ya cire hular, yana juya ta a hannu, ya ƙi kallon Verna.

"Gwiwar nan ce, ko, Malama? Kowa ya san an yi miki aiki bara."

Kawuna goma suka gyaɗa tare. Marlys ta mintsine ta a hannu.

"Gwiwata lafiya lau. Sabuwa ce, ta fi taka."

"To jiri ne. Da zafi a ciki yau, ni kaina na ji."

"Ban ji jiri ba. Zama na yi, Delbert."

"Malama, don Allah. Kalma ɗaya za ki faɗa, mu watse, kowa ya je ya ci abinci."

"In na ce jiri ne, Asabar mai zuwa za mu sake yi wa yaran nan abin da muka yi musu yau, har da ni a ciki. Ba ƙarfi muke ba su ba. Tsaya musu muke yi a ka."

Ya ɗago. Kunnuwansa sun yi ja, har wanda ba a shafa wa fenti ba. "Ai kin zauna, ta zubar."

"Ta zubar."

"To ina hujjarki?"

"Ba ni da ita. Jifa biyu ba ya zama hujjar komai. Na koya maka wannan, kana can kana zana tarakta a bayan littafi."

"Wato kan abin da ba ki da tabbas kika zubar da shekara arba'in da huɗu?"

"Ku ma ba ku da tabbas, tsayuwa kawai kuke yi. Ni dai na ga fuskar yarinyar. Kai ka gani?"

Ya ce, "Ni jama'a nake fuskanta."

"Na sani."

Babu wanda ya motsa. Mai share zaure ya wuce su da doguwar tsintsiyarsa, ya rage sauri don ya ji.

"Da Orval ba mu ɓata minti biyu ba," in ji Verna. "Shi kuwa ko niyya bai yi ba. Ɗaga hannunka, Delbert. Ba ka taɓa ɗaga mini shi a aji ba, yau ka ɗaga."

Ya ɗaga, rabi-rabi. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, suna kallon takalmansu. Marlys ta cusa hannuwanta duka biyu a aljihun kwat ta ce kafaɗarta na ciwo. Verna ta koma ciki, ta ɗauki matashinta, ta kakkaɓe shi, ta sa a hammata.

Makon ya yi mata tsawo. Jaridar garin ta buga hotonta da kolaci a baki, mutum goma sha ɗaya a tsaye kewaye da ita. A kanti wata ta ce mata ta kyauta, wani tsohon ɗalibinta kuma ya ga ta nufo shi ya shige layin abincin karnuka, shi da ba shi da kare. Ranar Laraba ta tsinci kanta zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu, ta manta me za ta yi da shi. Ba ta yi nadama ba. Ta dai gane cewa rashin nadama ba ya rage zafi, abin da babu wanda ya taɓa gaya mata.

Da Asabar ta zagayo Marlys ta zo ɗaukarta kamar kullum. Suka rabu a ƙofar zaure, Marlys ta yi gaba tana fyace hanci, Verna ta kama ƙarfen matakala. Hawa ashirin da biyu ne zuwa layin ƙarshe. Ba ta tsaya hutawa ba, don ta san ana kallo.

A can sama akwai wata doguwar mace baƙa, sanye da rigar sanyi ta ma'aikata da takalman roba, ta jingina da bango. Ta janye jakarta ta ba ta wuri.

"Ke ce ta jarida," in ji matar.

"Ni ce."

"Ni tun farkon kakar wasan nan nake zaune, Mama, ba wanda ya ɗauke ni hoto. Harara kawai nake sha." Ta nuna takalmanta. "Tun ƙarfe huɗu na asuba nake tsaye ina yanka nama. In na tuƙo awa guda na zo nan, ko shugaban ƙasa ne ya shigo ba zan tashi ba."

"Wa kike zuwa kallo?"

"Sha huɗu. Ni na haife ta."

Verna ta shimfiɗa matashinta, ta ɗauki lokaci tana gyara shi. Ba ta so ta tambaya ba, amma ta tambaya. "Ta ce wani abu game da makon jiya?"

"Na tambaye ta ko ta ga tsohuwar da ta zauna. Ta ce wace tsohuwa? Ita dai ta ji an yi shiru, sai ta tuna inda kwandon yake."

Verna ta yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har ta nemi hankici.

Aka busa usur. Zauren ya miƙe, waɗanda ke tsaye a gabansu suka tare musu fili gaba ɗaya. Can ƙasa Delbert ya ɗaga hannuwa, tafi ya fara. Sai dai yau akwai giɓi a cikinsa: wasu iyalai biyu a tsakiya suna zaune abinsu, da wasu ɗalibai a gefe, da Orval Pruitt, wanda ya harɗe ƙafa yana murmushi kamar an ba shi gado.

"Matso nan, Mama," in ji matar. "Ta tsakanin mai jar hula da matarsa ake gani. Ba sa taɓa tsayawa kusa da juna."

Verna ta matsa har kafaɗarsu ta haɗu. Ta wannan 'yar kafar ta hango rabin fili, da Nyamal tana kawo ƙwallo, kanta a sama. Ta yi jifa daga gefe, ya kauce da kaɗan. Ta juya da gudu ta koma tsaron gida, ba ta kalli ƙasa ba.

"Gwiwar hannunta tana fita waje," in ji Verna. "Ki gaya mata ta matse ta."

"Ni? Ba ta jin maganata a kan ƙwallo. Ki sauka tare da ni bayan wasa ki gaya mata da kanki."

"Zan sauka."

Ƙwallon ta dawo hannun Gauraki. Verna ta karkata kai, ta ɗora hannu a kafaɗar mai jar hula, ta ture shi gefe kaɗan.

"Ɗan nan, in tsayuwa za ka yi, tsaya wuri ɗaya," ta ce. "Wasu kallo suka zo yi."